Shin aikin gida yana shiga lissafin motsa jiki ga mai neman rage ƙiba?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon waɗanda Allah ya ba sani a wannan fanni su taimaka mini da bayani. Shekarata 36, 'ya'yana huɗu, na ƙarshen tagwaye ne da na yaye bara. Tun bayan haihuwarsu jikina ya buɗe har nauyina ya kai kilo 80, alhali ni ba doguwa ba ce, kuma da na je asibiti saboda ciwon gwiwa likita ya ce jinina ya fara hawa, ya shawarce ni da in rage ƙiba. Wata biyu ke nan ina amfani da wata manhaja a waya wadda ta yanka mini kalori 1,600 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki). Ina rubuta abin da na ci, ina rubuta motsin da na yi, ita kuma sai ta ƙara mini abin da zan iya ci gwargwadon abin da ta ce na ƙona.

Ba ni da mai aiki. Ina idar da sallar asuba nake ɗaukar tsintsiya in share tsakar gida da ɗakuna, in dama koko, in yi wa yara wanka, in shirya manyan biyu su tafi makaranta, in dawo kan wanke-wanke, in ɗora sanwar rana. Sau uku a mako ina wankin kayan mutum shida da hannu, ruwan ma da guga nake jawo shi daga rijiya. Kafin la'asar rigata ta jiƙe sharkaf da zufa, ƙuguna kamar zai ɓalle. Idan na shigar da waɗannan ayyuka, manhajar takan ƙara mini kalori 400 zuwa 500, ni kuma in ci su da dare, domin ina ganin guminsu na yi. Amma sikeli bai motsa ba sai da rabin kilo. Maigidana ya ce aikin gida ba motsa jiki ba ne, ƙanwata kuma ta ce ya fi duk wani atisaye wahala. Wane ne mai gaskiya a cikinsu, kuma in ci gaba da rubuta aikin ne ko in daina?

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Maman biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma na taɓa faɗawa irin wannan rami lokacin da nake neman rage tumbi, saboda haka bari mu bi alƙaluman naki ɗaya bayan ɗaya.

Jikin ɗan'adam yana ƙona kalori ko da yana kwance, saboda zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa ba sa hutu. Masana suna auna nauyin aiki da wani ma'auni da ake kira MET, inda MET 1 yake nufin zama shiru, wato kimanin kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum a cikin awa guda. Mai kilo 80 ke nan tana ƙona kusan kalori 80 a awa tana zaune a kan tabarma. A jadawalin ayyuka da Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka fara wallafawa a 1993, wanda manhajoji da yawa suke dogara da shi, shara tana wajen MET 3.3, wanki da hannu yana wajen 4, wanke-wanke kuwa yana wajen 2. Idan kika yi shara ta rabin awa, lissafin zai ba da kalori 132. Sai dai 40 daga ciki za ki ƙona su ko da ba ki taɓa tsintsiya ba, don haka ainihin ribar sharar 92 ce kawai. Manhajoji da yawa jimillar suke nunawa, ba ribar ba.

Wannan ƙaramin kuskure ne idan aka kwatanta da na biyu. Ranar da kika buɗe manhajar ta tambaye ki yadda kike wuni, ko a zaune, ko da ɗan kai-komo, ko da aiki mai yawa. Mace mai shekarunki da nauyinki, idan ba doguwa ba ce, jikinta yana buƙatar kusan kalori 1,450 a rana don rayuwa kawai. Idan aka zaɓi zama, ana ninka wannan adadi da 1.2, idan kuma aka zaɓi ɗan kai-komo ana ninka shi da 1.375, wanda zai ba da kusan 2,000. Ina kyautata zaton daga wannan 2,000 ɗin aka cire 400 aka ba ki 1,600. To, tazarar 550 da ke tsakanin 1,450 da 2,000 ita ce ladar shararki da wankinki da girkinki, an riga an biya ki tun farko. Da kika sake rubuta su kika ci ƙarin 450, kin karɓi lada biyu a kan aiki ɗaya, abincinki ya koma 2,050, wato daidai inda nauyi yake tsayawa ba ya hawa ba ya sauka. Sikelinki bai yi miki ƙarya ba.

Ga tambayar da ta warware mini tawa matsalar: lokacin da nauyinki yake hawa zuwa kilo 80, kina yin wannan aikin gidan ko ba kya yi? Tun da kina yi, jikinki ya riga ya saba da shi, kuma ba shi ne zai kawo canji ba. Shawarata ita ce ki daina rubuta duk aikin da kike yi kullum, ki tsaya a kan 1,600. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, saboda haka giɓin 400 a rana zai sauke miki kusan kilo ɗaya da rabi a wata.

Kaka Mai Turmi ta amsa:

'Yata, jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Lissafin Malam ba ni da ja a kansa, amma maganar maigidanki ita ce ban yarda da ita ba, kuma ba na son ta zauna miki a zuciya. Wanda bai taɓa jan guga talatin daga rijiya ba, bai taɓa matse zannuwan gado da hannu ba, da wuya ya san abin da ke cikin aikin.

A ƙauyenmu na ƙasar Daura na tashi. Kafin rana ta ɗaga mun surfa gero, mun bakace, mun wanke, mun koma turmi, mu biyu ko uku muna lugude har taɓarya ta yi ɗumi a hannu, sannan mu ɗora tulu a kan gammo mu tafi ɗiban ruwa, wata ma da goyo a bayanta. A cikin sa'o'ina ban tuna mai teɓa ba. Da aure ya kawo ni birni na sami injin niƙa a bakin layi da famfo a tsakar gida, cikin 'yan shekaru zannuwana suka daina zagaye ni. Don haka na san aikin gida yana cin jiki, kuma na san abin da ke faruwa idan ya ragu.

Amma in faɗa miki gaskiya, ba turmi kaɗai muka bari a ƙauye ba. A can, man gyaɗa da ɗan cokali ake zuba shi a miyar kuka, nama sai ranar kasuwa, shayi da madara kuwa sai mai jego ko maras lafiya, lemon kwalba sai da salla. A birni na tarar da mai yana iyo a kan miya. Ki duba tukunyarki, 'yata, kafin ki zargi tsintsiyarki.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Yaya Uwar Biyu, tambayoyi biyu ne suka cakuɗe miki, kuma kowacce da amsarta. Ta fuskar lafiya, aikin gida yana shiga lissafi. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun nemi baligi ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kuma sun ambaci ayyukan gida a cikin hanyoyin samun wannan motsi. Sharaɗin shi ne aikin ya kai matsakaici, alamarsa kuwa numfashi ya ƙaru har mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Jan ruwa da daka da wanki mai nauyi sun cika wannan sharaɗi. Yanka albasa da ninke kaya da tsayuwa a gaban murhu ba su cika ba, duk da cewa suna gajiyarwa. Ina so ki riƙe wannan da kyau, domin a ƙasarmu mai zafi zufa tana yaudara: mai tuƙa tuwo a kan gawayi a watan Afrilu za ta jiƙe saboda jikinta yana neman sanyi, ba don kitse yana narkewa ba. Haka ciwon ƙugun da gajeriyar tsintsiya take jawowa na sunkuyo ne, kuma tsintsiya mai dogon mariƙi za ta rage miki shi.

Ta fuskar rage ƙiba kuwa, ina tare da Malam. A 2013 masu bincike na Jami'ar Ulster sun nazarci mutane fiye da 4,500 a Ireland ta Arewa, suka tarar aikin gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na motsin da mutane suka ce suna yi, amma waɗanda suka fi ambaton aikin gida sun fi sauran mutanen ƙiba. Masu binciken sun danganta hakan da cewa ko dai mutane suna zuzuta yawan aikin, ko kuma suna cin abin da ya zarce wanda suka ƙona. Akwai kuma binciken da ya shafe mu kai tsaye. Masana na Jami'ar Loyola sun kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da mata baƙar fata na yankin Chicago a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008. Matan Najeriya suna da matsakaicin nauyi na kusan kilo 58, na Amurka kusan kilo 83, amma da aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da ɓangarorin biyu suke ƙonawa ta hanyar motsi bai bambanta sosai ba. Masu binciken sun karkata ga cewa abinci ne ya fi bayyana wannan tazara, wanda shi ne abin da Kaka ta gani da idonta tun kafin a rubuta shi.

Abin da nake gani a wurin matan da muke aunawa a asibiti shi ne, mai girki ta fi kowa wahalar sanin abin da ta ci. Ana ɗanɗana miya sau uku, ana cin ƙosai biyu a bakin kasko, ana kankare ƙanzo, yara su bar rabin kwano uwa ta cinye don kada a yi almubazzaranci, kuma babu ko ɗaya da yake shiga waya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja kusan kalori 120 ne, ya fi ribar sharar rabin awa da Malam ya lissafa. Ba laifinki nake gani ba, halin ɗan'adam ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 a kan mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa ramewa ya gano cewa sun rage kusan rabin abin da suke ci a wajen faɗa, sun kuma ƙara kusan rabi a kan motsin da suke yi, alhali sun yi imani da abin da suka faɗa.

Ki gwada mako uku ba tare da cin ladar aiki ba. Ki hau sikeli da safe kafin karin kumallo, a kaya iri ɗaya, sau biyu ko uku a mako, ki kuma auna ƙugunki da tef na ɗinki, domin nauyin mace yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye saboda ruwa, musamman gab da al'ada. Ki ƙara tafiya da sauri ta minti 20 zuwa 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya saboda gwiwarki, don zuciya da hawan jinin, ba don ki sami abin ƙarawa a kwano ba. Idan kika ji jiri ko kasala mai tsanani a ranakun wanki, ki ƙara ɗan abinci a ranar, kamar dafaffen ƙwai ko wake, kuma ki koma wurin likitanki a sake auna jinin.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na koma na duba, mataki na biyu na zaɓa tun ranar farko, kamar yadda ka yi zato, kuma na goge shara da wanke-wanke da girki daga jerin. Kaka, maganarki ta sanyaya mini rai, na kuma bi umarninki. Jiya da zan yi miyar taushe na tsiyayo mai daga galan yadda na saba, amma maimakon tukunya sai na zuba a kofi na ƙirga da babban cokali, na sami cokali goma sha huɗu, alhali cokali ɗaya nake rubuta wa kaina a duk wunin. Na mayar da rabi cikin galan, kuma babu wanda ya ce miyar ta canza.

Anti mai jinya, makarantar yara tafiyar kwata ce daga gidanmu, kuma a adaidaita sahu suke tafiya. Na yi magana da maigida ya amince in riƙa raka su da ƙafa, maƙwabciyata za ta riƙe mini tagwayen har in dawo. Ranar Litinin za mu fara in sha Allahu, kuma bayan mako uku zan dawo in faɗa muku abin da sikeli da tef suka nuna.