ADN ko mikroskop: me ke raba tsutsotsin tsuntsaye?

Ɗan Tabalak: Jama'a, ina nan kan bakana. Tsutsotsin nan masu faɗi da ke cikin tsuntsayen ruwa, ADN, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, kaɗai ya isa a raba su jinsi-jinsi. Zamanin auna jikinsu a mikroskop ya wuce.

Baba Likita: Ɗana, bi a sannu. Sunayen irin waɗannan tsutsotsi, kamar Clinostomum da Diplostomum, daga siffa aka samo su. In ka karanta cox1, wato wani yanki na ADN da ake gane jinsi da shi, da me za ka gwada shi? Da GenBank, rumbun intanet da ake tara jerin ADN, ko? To akwai jerin da aka sa wa sunan da ba nasa ba a can. Ka bi shi, ka ɓata.

Ɗaliba daga Yamai: Baba, gafara dai, zan sa baki. Ku dubi ƙurji mai ruwan ɗorawa da ake gani a tsokar karfasa. Clinostomum ne, amma bai balaga ba. Babbansa yana maƙogwaron zalɓe, ƙwansa ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga dodon koɗi, daga nan kifi, zalɓe ya haɗiye kifin. A da sai an ciyar da tsuntsu wannan ƙurjin, a jira ya girma, kafin a san ko wane ne. Yanzu ADN na haɗa na dodon koɗi da na kifi da na tsuntsu. Ido bai iya wannan.

Baba Likita: Gaskiyarki, ƴata. Wannan ban musa ba.

Mai Shanu: Ni me ya haɗa mu da cikin zalɓe? Tsargiya ke damun yaranmu.

Ɗaliba daga Yamai: Kawu, ai dangi ne. Trichobilharzia ta agwagi ƴar uwar tsutsar tsargiya ce. Ƴaƴansu duka daga dodon koɗi suke fitowa da wutsiya mai reshe biyu, ta tsuntsu kuwa ƙaiƙayi take sa wa fatar mutum. Mai binciken tabki dole ya rarrabe su.

Baba Likita: Kuma an samu barbarar yanyawa tsakanin tsutsar tsargiya ta mutane, Schistosoma haematobium, da ƴar uwarta ta shanu, Schistosoma bovis, a Senegal da nan Nijar. Shi cox1 ta wajen uwa kawai ake gadonsa. Ka dogara da shi kaɗai, ba za ka gane ruwa biyu ba ce.

Ɗan Tabalak: Sai in ƙara ITS da 28S, wasu yankunan ADN da ake gado ta wajen uwa da uba duka. Har yanzu ADN ne, Baba.

Baba Likita: Ƙara. Amma ka yanki ɗan gefe don ADN, sauran jikin ka rina shi ka adana a kan gilashi, don wanda zai zo bayanka ya ga abin da ka sa wa suna. In ka niƙe tsutsar duka, wa zai binciki aikinka?