Ganye, Igiya da Tagulla: Musayar Waƙa Kan Bukukuwan Filifin

Malam Isyaku

Bismillahi, da shi nake farawa,
Wanda Ya yi harsuna, Ya yi bambantawa.
Filifin na ɗauko, ƙasar tsibirai,
Sun zarce dubu bakwai wajen ƙirgawa.
Sebu za mu sauka, watan Janairu,
Lahadi ta uku ce ranar taruwa.
Sinulog ake ce wa wannan biki,
Daga sulog ne, gudun ruwa in yana wucewa.
Taku biyu gaba, ɗaya a koma baya,
Iyakar dokar ke nan a wajen takawa.
Ganga ke ja, ƙafa na biye da ita,
Mai gaggawa shi ke fara ɓatawa:
Ya ƙara taku, sahu ya karkace,
Na baya su ci karo, layi na watsewa.
Afrilun 1521 Majalan ya iso,
Da jiragen Sifaniya, teku yake ratsawa.
Ya ba matar sarki Humabon kyauta,
Ɗan sassaƙen katako, Santo Ninyo suke cewa.
Katolika ne mafi yawan mutanen ƙasar,
Annabi Isa yana yaro suke siffantawa.
Watan bai ƙare ba, a gaɓar Maktan,
Hannun mayaƙan sarki Lapulapu Majalan ya gamu da mutuwa.
Sai 1565 wani sojan Legazpi, kwamandan Sifaniya,
Ya tsinci sassaƙen a bukka bayan ƙonewa.
A wurin aka kafa cocin da ke riƙe da shi,
Kafin bikin, addu'ar kwana tara ce ke gabatowa.
Jajibere a ɗauko shi ta ruwa daga Mandawe,
Jirage da kwale-kwale suna rakowa.
Wanda ya san abin da na bari ya ɗora,
Ɗanlami, na ga alƙalaminka na motsawa.

Ɗanlami

Baba Malam, Allah ya ja kwana,
Da izininka zan ɗan yi ƙarawa.
Rawar tsohuwa ce, jerin gwanon titi
Sai 1980 aka soma shiryawa.
Mata masu sayar da kyandir a ƙofar cocin
Su ke riƙe da asalin, kullum suna takawa.
A ba su suna, su yi rawa da addu'a,
"Pit Senyor" ce kalmar da suke ɗagawa.
Lahadin nan kuma a Kalibo, tsibirin Panay,
Da Ati-Atihan gari ke cikewa.
Baƙin tukunya a fuska da damtse,
Da Ati, 'yan asalin tsibirin, suke tunawa.
Babbar ranar su biyun ɗaya ce,
Baƙo sai ya zaɓi wurin zuwa.

Hajiya Binta

Sannu Ɗanlami, ɗana, ka cike giɓi,
Malam, zance ka kai shi inda ake kai shi.
Ni Lukban za ni, gindin dutsen Banahaw,
Gari na manoma, sanyi ya lulluɓe shi.
Ran 15 ga Mayu ake yin Pahiyas,
Bikin godiya ne, girbi ya haife shi.
San Isidro waliyyin manoma ne gare su,
Titin da za a bi da shi ake ƙawata shi.
Damin shinkafa, kwakwa, gauta da barkono,
Duk bangon gida da su ake rufe shi.
Amma kiping ne ke ɗaukar ido,
Ku matso in faɗa muku yadda ake yin shi.
Shinkafar bara, wadda ta daɗe a rumbu,
Sabuwa kan sa ya tsage, a yi asarar shi.
Awa biyu a ruwa, sannan a kai niƙa,
Ba tsaki ko ɗaya, ƙullun ya yi laushi.
Kamar na sinasir, amma ba yis a ciki,
Gishiri kaɗan da kala, a dama shi.
Ja da rawaya, kore da ruwan hoda,
Kowane launi kwanonsa daban a ba shi.
Ganyen kabal, na kofi ko na koko,
Wanda ya ƙosa, a wanke a goge shi.
Sabon toho ba ya jure tururi,
Mai ɗaci kuwa, ai abin ci ne, a guje shi.
A shafa ƙullun siriri bisa ganyen,
Har jijiyoyin su fito a jikin shi.
Ya yi kauri, ya ƙi bushewa, sai hunhuna,
Ya yi shara-shara, wajen ɓarewa a keta shi.
Rabin awa a madambaci ya turara,
A fitar, a inuwa ake shanya shi.
Rana maƙiyiya ce, takan nannaɗe gefe,
Ta busar da sama kafin ciki, ta fasa shi.
A ɓare a hankali, a jera kan juna,
A ɗora nauyi rabin yini ya danne shi.
Tsofaffin Lukban sun hana surutu
Lokacin damu, wai magana ke tsaga shi.
Ni na ba su gaskiya ta wannan fuska:
Hannun mai hira ba ya daidaita shi.
A huda, a zura zare, a jera hawa-hawa,
Arangya ke nan, gaban gida a rataye shi.
Biki ya watse, a gasa ko a soya,
A barbaɗa sukari, yara su bi ƙamshi.
Musulmi baƙo, longganisar garin nan
Naman alade ne, ko an miƙo ka bar shi.

Alhaji Garba

Hajiya, aikin ganye ya yi kyau,
Ni nawa zancen duka na kan igiya.
9 ga Janairu, unguwar Kiyapo,
Manila kan tsaya cik, ba sauran hanya.
Baƙin Nazareno, sassaƙe mai gicciye,
A 1606 daga Meziko ya yo tafiya.
Keken da ke ɗaukar sa andas ake kira,
Ba inji, ba doki, sai kafaɗa da zuciya.
Igiya biyu, kowacce mita 50,
Zaren abaka, ɗan'uwan ayaba, mai juriya.
Ƙafa ba takalmi, wannan alwashi ne,
Riga ja mai duhu, da ratsin rawaya.
Daga filin Kirino da asuba a tashi,
Kilomita shida ko kusa, ba nisan duniya.
Amma a 2012 awa 22 aka kwashe,
Tayoyin suka karye, aka sha wuya.
Kowa na son tawul ɗinsa ya taɓa sassaƙen,
Ana ɗarewa ta gefe, ana ɗarewa ta baya,
Mutum kan mutum a saman keken,
Nauyi ya ninka har ƙarfe ya yi gajiya.
Ga ƙa'idar riƙo ga mai son ya tsira:
A kafaɗa ake ɗora ta, ba a wuya.
Kar a naɗe ta a hannu ko da zagaye guda,
In an fizga daga gaba, yatsu za su biya.
In ta yi sako-sako ta soma murɗewa,
A ɗaga ta sama da kai, kowa gaba ɗaya.
Madaukin da ya faɗi ƙasa cikin cunkoso
Shi ke harɗe ƙafafu, ya zama rijiya.
Masu tsaron keken, Hihos sunansu,
A jefa musu tawul, su goga, su mayar baya.
A 2024 aka sa shi a gidan gilashi,
Don a rage hawa, a samu kariya.
A cocin San Sebastiyan akan ɗan dakata,
Ginin ƙarfe zalla, 1891 ya tsaya.
Girgizar ƙasa ta sha rushe na dutse,
Shi ya sa suka koma ƙarfe, ba ƙarya.
Hukuma kan roƙi masu juna biyu
Da yara da tsofaffi su zauna gida lafiya.
Ni ma da ita nake a wannan gaɓa,
Taro in ya motsa ba ya jin magiya.

Malama Rabi

Yaya Alhaji, bari in riƙe amonka,
Bikin kan kogi ma yana da tasa wuya.
Bokawe, lardin Bulakan, 2 ga Yulin 1993,
Hasumiyar ado a kan ruwa tana tafiya.
An cika ta da mutane fiye da ƙima,
Suka karkata gefe guda, sai ta juya.
Sama da 200 ruwa ya ci a ranar,
Da yawa yara ne, abin na ƙona zuciya.
A Naga ma, 1972, gadar Kolgante
Ta rufta da 'yan kallon bikin Penyafransiya.
Dogon gini kan ruwa, nauyi a sama,
Motsi kaɗan ke kifar da shi gaba ɗaya.
Da hasumiyar ta dawo a 2014,
Sai da rigar ruwa, kuma sai da ƙidaya.

Malam Habu

Salamu alaikum, iyaye da yayye,
Ku juyo kudu, akwai sauran magana.
Sulu da wani sashen Mindanawo ƙasar Musulmi ce,
Tun kafin Majalan Musulunci ya zauna.
Tsibirin Simunul, a lardin Tawi-Tawi,
1380 Shaihu Makhdum masallaci ya gina.
An sake ginin, amma ginshiƙai huɗu
Na itacen ipil na ciki, an riƙe amana.
Kotabato kuma, 19 ga Disamba,
Sharif Kabunsuwan ake yi wa wannan rana.
Daga Johor ya zo ya kafa sarautar Magindanawo,
Ta bakin babban kogi ya shigo da Sunna.
Ginakit ake ce wa jiragen da ke jeri,
Tutoci iri-iri, kowace da nata suna.
Kulintang ne kiɗan, tasoshin tagulla,
Takwas a jere, daga manya zuwa ƙanana.
A kan zare biyu suke, kar su taɓa katako,
In sun taɓa amo ya dushe, sai a auna.
Sanda biyu na itace mai taushi ake riƙewa,
Cibiyar tasa ake bugu, ba gefuna.
In murya ta sauka, a doki cibiyar ta ciki,
In ta hau da yawa, ta waje, da lumana.
Ba ma'auni a rubuce, kunnen gwani ne alƙali,
Saiti biyu ba sa yin murya ɗaya da juna.
Agung na gurnani, dabakan gangar fata,
Babandil mai riƙe taki, kar a raina.
Gandingan huɗu kuwa, kamar kalangunmu,
Sukan kwaikwayi harshe, su kai saƙon ƙauna.
A wajen Maranawo mata ne gwanayen kulintang,
Maza na kan agung, kiɗa har a kwana.
Alhaji, Kiyapon da ka ambata ɗazu,
Masallacin Zinare na can, ina so a tuna.
An gina shi 1976, daga cocin a ƙafa ake zuwa,
Ladan da ƙararrawa suna jin juna.
Tun 2002 hutun ƙaramar Sallah doka ce,
Ƙasa duka ke yi, birni da gona.

Auta

Iyayena, ni ƙaramarku ina da tambaya,
Tauraruwar Disamba, yaya ake haɗa ta?
Parol na ji sunan, gora ce da takarda,
Inna Binta ko Baba, wa zai warware ta?

Malam Isyaku

Auta, 'yata, matso kusa ki ji:
Tsinke goma na gora, tsawo ɗaya a yanka ta.
Biyar-biyar, tauraro biyu ke nan,
A haɗa bakunan da zare, a ɗaure ta.
Gajerun sanduna biyar a tsakiya
Su tokare fuska biyun, su buɗe cikinta.
Ɗanyar gora na lanƙwashewa in ta bushe,
Ta ja takardar, ta yage ta.
Takardar Japan mai shara-shara ake liƙawa,
Gam kaɗan, in ya yi yawa ya jiƙa ta.
Wutsiya biyu a ƙasa, da can kyandir a ciki,
Yanzu ƙwan lantarki, don kar a ƙona ta.
Daga 16 ga Disamba, asuba tara a jere,
Ibadar coci, Simbang Gabi, parol na haska hanyar masu fita.
A San Farnando ta Pampanga ta zama ƙatuwa,
Ƙafa 20, babbar mota ke ɗaukar ta.
Ƙwayayen lantarki dubbai a jikinta
Suna bin kiɗa, kuma babu kwamfuta.
Gangar ƙarfe ce, a naɗe ta da tef,
A yanke gurabe, da hannu ake juya ta.
Jerin fil ɗin gashi na goga jikin gangar,
Inda ya taɓa ƙarfe, ƙwai ya kawo wuta.
Inda tef ya rufe, layin ya ɗauke,
Yankan tef ɗin shi ne rawar da aka rubuta.
Fil ɗaya ya lanƙwashe, ɓangare ya yi duhu,
Sai a bi waya ɗaya-ɗaya har a gano ta.