Ƙarshen kwana yana gagara ta a wasan zamiya kan ƙanƙara

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu zama a ƙasashen sanyi. Ina Innsbruck ta Ostiriya, kuma a dutsen Patscherkofel da ke kusa da garin nake koyon zamiya (ski), wato gangarowa kan ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa. Shiga kwana (wato lanƙwasa hagu ko dama) ba ya ba ni wahala, fita daga cikinta ce ta tsaya mini a rai.

Da zarar allunan sun fuskanci gangara sosai, gudu ya ƙaru, sai in ji nauyina ya koma kan dugadugai. Bayan allunan ya goce gefe yana kankare ƙanƙara, kafaɗata ta juya wajen tudu, allon da ke cikin kwanar ya ɗauke nauyin da ya kamata na waje ya ɗauka. A hanya mai alamar shuɗi, wato mai sauƙi, ina iya rufe kwanar. A mai alamar ja, wadda ta fi wuya, da safe lokacin da ƙanƙara ta daskare tauri, sam.

Mai koyar da ni ya ce in danna ƙaurina a gaban takalmi, ƙirjina yana kallon kwari. Na yi, amma idan na matsa gaba da yawa sai bayan allunan ya ƙara gocewa.

To a ƙarshen kwana, ina nauyi ya kamata ya zauna, tsakiyar tafin ƙafa ko gaba? Ko kuwa kaifin gefen allunan haya ne ya dakushe? Don Allah wanda ya wuce wannan matakin ya taimaka mini.