Rigar sanyi, sulke ko lifidi? Neman suna ga kayan masu aiki a rumbun sanyi

Jama'a, ga wata shiga tana neman suna. Masu aiki a manyan rumbunan sanyi, inda ake daskarar da kayan da ba a son su lalace, suna sa riga da wando masu kauri, wani lokaci a haɗe wuri guda tun daga wuya har idon sawu. Da Turanci freezer suit ake ce mata. Mu kuwa duk wanda ka tambaya sai ya ce "rigar sanyi" ya yi gaba. Ni dai sunan bai kwanta mini ba.

A fara sanin wurin tukuna. Rumbun sanyi iri biyu ne. Akwai na sanyayawa kawai, wanda ke tsakanin sifili da digiri 5 a ma'aunin Salshiyos. Akwai kuma na daskarewa, wanda ƙa'idarsa digiri 18 ne ƙasa da sifili, da yawa ma ana riƙe su a wajen 25 ƙasa da sifili. Ɗakin da ake daskarar da kaya cikin gaggawa yana kaiwa 35 ko 40 ƙasa da sifili, ga fankoki suna hura iska ba tsayawa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, makyarkyata ta kama shi, tunani ya fara rikicewa, harshe ya yi nauyi. Yatsu da kunnuwa da hanci kuwa suna iya daskarewa tun kafin a kai nan.

Shi ya sa a Turai aka raba ƙa'idar gida biyu: EN 14058 ta tufafin da za a yi aiki da su a sanyin da bai kai digiri 5 ƙasa da sifili ba, EN 342 kuma ta waɗanda za a shiga da su daga nan zuwa ƙasa. Su suna da aji biyu, mu muna son mu cusa duka cikin kalma ɗaya da suwaita ma ke amsawa. Ranar da aka rubuta a takardar aiki cewa "a ba kowane ma'aikaci rigar sanyi", mai kamfani ya sayo suwaita ya raba, ba wanda zai ce ya saɓa wa rubutun. Wannan kaɗai ya isa a ajiye sunan "rigar sanyi" gefe.

A tattaunawar da ake yi ta neman sunan, an kawo "kayan kariya". Daidai ne, amma sunan gida ne gaba ɗaya, hular kwano da tabarau da takunkumi duk suna ciki. Ba ya nuna wane ɗa ake kira.

Wani Malam ya ba da shawarar "sulken sanyi", kuma na ga mutane sun yi na'am da shi don daɗin faɗa. Allah ya gafarta Malam, a nan zan ja da kai kaɗan. Sulke ƙarfe ne, aikinsa tare abin da zai shigo daga waje, kibiya ko kaifin takobi. Sanyi kuwa ba shigowa yake yi ba, ɗumin jikinka ne ke fita. Aikin wannan shiga riƙe ɗumin nan, kuma ba zaren da aka cusa mata ne ke riƙewa ba, iskar da ta maƙale tsakanin zaren ce, domin iska mai tsayawa wuri ɗaya ba ta saurin ɗaukar zafi. Ƙarfe kishiyar haka ne. A ɗakin daskarewa, taɓa ƙarfe da hannu tsirara na iya liƙe fata. Suna mai sa mutum tunanin ƙarfe da matsewa yana koya masa akasin abin da ya kamata ya sani.

Shawarata: lifidin sanyi.

Lifidi fa ba wani abu ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki layi-layi, mahayi ya sa, dokinsa ma ya sa. Ku je ku juya shigar masu aikin rumbun nan ku duba: yadi a waje mai tare iska, shafi a ciki, abin cushe a tsakiya, ga layukan ɗinki don kada cushen ya zazzago ya taru a ƙasa. Ƙira ɗaya ce sak. Wanda ya san lifidi, da jin sunan ya san abu ne mai kumburi, mai nauyin gani, wanda ake sawa a kan wasu tufafin, kuma ba don ado ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunan yana ɗauke da dokokin amfani da kayan. Lifidin da ya lotse ya tashi aiki, haka ma wannan: inda cushen ya danne, a gwiwa da kafaɗa da mazauni, iskar ta fice, ɗumi ya sami ƙofa. Saboda haka ba a sayensa matsattse, ba a kuma ci gaba da sa wanda yawan wanki ya kwantar. Direban motar ɗaga kaya ya fi kowa sanin wannan, don a zaune yake wuni, jikinsa ba ya motsin da zai haifar da ɗumi, ga iskar tafiya tana dukansa. Nasa lifidin dole ya fi na mai dakon kwali kauri.

Wata 'yar'uwa ta yi gyara mai ƙarfi. Ta ce ai lifidi da auduga ake cusa shi, auduga kuwa ita ce aka fi gudu a wannan aiki. Gaskiyarki, Malama. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuma yana janye zafi daga jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Mai aiki ya yi gumi wajen lodi, ko ya fito waje raɓa ta kwanta a kan kayansa masu sanyi, ya koma ciki, danshin ya zame masa abokin gaba. Don haka ake cusa na zamani da zaren roba, rigar da ke manne da fata ma ta roba ce ko ta ulu. Amma ƙirar muka aro, ba abin cikin ba. Jirgi da na ruwa ya fara, yau ga na ƙasa ga na sama, ba wanda ke neman filafili a cikinsu. Sai dai gyaran naki ya sa duk inda za a yi bayanin kalmar a ƙara da cewa "cushensa na roba ne, kuma a busar da shi kafin a sake sawa".

Saura rabin sunan na biyu. Akwai masu cewa "ɗari" ya fi dacewa da "sanyi", tunda ɗari shi ne busasshen sanyi mai tsaga fata, iskar ɗakin daskarewa kuma busasshiya ce ƙwarai. A ma'ana sun fi ni gaskiya. A rubutu ne matsalar take: ba ma sa alamar karin sauti, don haka tsakanin "lifidin ɗari" da "lifidi ɗari" harafi ɗaya ne tak. Ku yi tunanin wannan a takardar odar kaya. "Jaura" kuma matasa da yawa ba su san ta ba. Sanyi ya bi sahun rigar ruwa da hular sanyi, kunne ya saba da ginin.

Sauran kayan ba su da rigima. Safar hannu ta sanyi, wadda ita ma take da tata ƙa'idar, EN 511. Takalmin sanyi mai kaurin tafi. Hular sanyi mai rufe fuska. Wani ya ce a kira ta amawali, na yi dariya, amma bar shi a rawani inda yake.

Ga yadda zai fito a allon ƙofa: "Kada a shiga ɗakin daskarewa ba lifidin sanyi." A takardar aiki kuma: "Ma'aikatan ɗakin sanyayawa, rigar sanyi ta aiki. Ma'aikatan ɗakin daskarewa, lifidin sanyi cikakke, riga da wando." Jam'i ba sai an ƙirƙira ba, tunda muna cewa 'yan lifida: lifidan sanyi. Masu fassara da masu aikin rediyo, ku gwada shi a baki sau biyu uku, in ya sarƙe muku harshe ku dawo mu sake zama.