Hausar "tragedy": ni dai na tsaya a kan "wasan juyayi"

Jama'a, ƙanwata ce ta jefa ni cikin wannan. Tana rubutu da Hausa a kan wasan Romiyo da Juliyet na Shekisfiya, sai ta kira ni ta ce, "Yaya, me zan kira irin wannan wasan? Turawa tragedy suke cewa." Na ce ta ba ni kwana biyu. Yau kwana tara ke nan. Na tambayi mutane, an ba ni kalmomi, ga yadda na auna su.

Ma'aunina fitowa ɗaya ce a tsakiyar wasan. An ɗaura wa Juliyet aure a ɓoye da Romiyo, ɗan gidan Montagu, abokan gabar gidansu na Kafulet a birnin Berona na Italiya. Awa uku da auren, mai renonta ta shigo da labari: Romiyo ya kashe Taibalt, an kuma kore shi daga gari. Taibalt ɗan ɗan'uwan mahaifiyarta ne. Da Hausa ɗan kawunta ke nan, taubashinta. Nan take Juliyet ta hau tsine wa Romiyo. Da mai renon ta taya ta tsinuwar, sai ta juya ta hau kanta da faɗa, don mijinta ake zagi. Yarinyar da ba ta cika shekara 14 ba, jini na janta, igiyar aure na janta, kuma kowanne da haƙƙinsa a kanta. Duk kalmar da ba ta iya ɗaukar wannan fitowar, ban karɓe ta ba.

Shi ma angon haka ne. Da Taibalt ya tsokane shi ya ƙi faɗa, domin a wurin shi kaɗai ya san sun zama surukai. Wannan kawaicin ne ya sa abokinsa Markushiyo ya zare takobi a madadinsa, ya mutu. Sai da ya ji mutuwar aboki sannan ya kashe ɗan'uwan matarsa.

"Bala'i" da "masifa" aka fara ba ni. Waɗannan na masu labarai ne: mota ta kife, kwalekwale ya nutse, gobara ta tashi a kasuwa. Turanci ma yana kiran irin wannan tragedy, amma ba shi muke nema ba. Na wuce.

"Wasan ban tausayi" shi ya fi yawan magoya baya, kuma yana da abokin tafiya, wato wasan ban dariya. Matsalarsa rabin aiki yake yi. Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka da ya zauna ya yi wa irin wannan wasan sharhi, abu biyu ya ce yana tayarwa a zuciyar mai kallo: tausayi da tsoro. Marainiyar da kishiyar uwa ke gana wa azaba abin tausayi ce, amma akwai mugu a labarinta, ka san wanda za ka tsana, hankalinka kwance. A wasan Berona wa za ka tsana? Ko uban Juliyet, da ya ce zai kore ta daga gida in ta ƙi auren Faris, mijin da ya zaɓa mata, bai san tana da miji ba. A ganinsa gata yake mata, don ya raba ta da kukan mutuwar Taibalt.

Wani malamina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce "wasan ƙaddara". Malam, da hujjarka, tunda tun a buɗe wasan an ce taurarin masoyan ba su yi musu kyau ba. Sai dai a wurinmu ƙaddara ta haɗa mai daɗi da marar daɗi. Auren da ya yi albarka ma ƙaddara ne. Kalma ce kuma mai nauyin addini, ba na son a mai da ta sunan wani kashi na adabi.

"Tsautsayi" ya ɗan ja ni, don akwai shi a wasan. Limamin kiristan da ya ɗaura auren ya ba Juliyet maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42, ya aika wa Romiyo wasiƙa a Mantuwa, garin da ya koma bayan korarsa, don ya sanar da shi dabarar. Aka kulle ɗan aiken a wani gida saboda zargin annoba, wasiƙa ba ta isa ba. Wannan kam tsautsayi ne tsantsa. Amma me ya kai yarinya ga shan maganin tun farko? Ta kasa gaya wa iyayenta gaskiya, ta kuma kasa cin amanar miji. Tsautsayin ya zo ya tarar an riga an haƙa ramin.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta kawo "tsaka mai wuya". Hajiya, kin kama jigon, gaba kura baya sayaki. Amma jigo daban, nau'in wasa daban. Ku da kuka yi karatu da Faransanci kun san wasan Le Cid na marubucin Faransa Kornei, na 1637: Rodirig ya kashe uban Shimen, masoyiyarsa, don ya rama marin da aka yi wa nasa uban. Babu tsaka mai wuyar da ta fi wannan, amma masoyan ba su mutu ba, kuma da farko a matsayin wasa mai haɗa ɗaci da daɗi aka fitar da shi. Mu ajiye kalmarki don sunan rikicin da ke cikin wasa.

To, juyayi. Ku saurari yadda muke amfani da ita. Muna cewa gari na juyayin rasuwar wane, wato alhini da tausayi. Muna kuma cewa ina juyayin ranar da zan fuskanci wane, wato fargabar abin da bai zo ba tukuna. Abu biyun nan da Aristotal ya lissafa, Bahaushe ya daɗe da zuba su a kalma ɗaya. "Alhini" ta kusa, amma ita bayan an yi rashi take zuwa. Mai kallon Romiyo kuwa tun layukan farko an gaya masa masoyan za su mutu, don haka da fargaba yake zaune har a kai ga gawa shida, in an haɗa da mahaifiyar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Kunne kuma yana jin "juya" a cikin kalmar, ga shi wasan a kan juyawar al'amari daga daɗi zuwa ɗaci yake tafiya.

Na gwada ta a kan Antigoni ta Sofokilis, marubucin tsohuwar Girka, inda abin ya zo a birkice. Kawunta Kiriyon, sarkin Tibis, ya hana a binne ɗan'uwanta. Ita kuma an yi mata baiko da Haimon, ɗan wannan kawun, auren zumunci sak. Ta zaɓi jini, ta yi wa gawar sutura, ta rasa rai da aure. Haimon ya bi ta, uwarsa ta bi shi. Juliyet ta bi miji, Antigoni ta bi ɗan'uwa, kuma "wasan juyayi" ya zauna a kan duka biyun ba tare da na matsa shi ba.

Masu cewa a ara kawai a ce "tirajidi", asalin kalmar a Girkanci "waƙar akuya" take nufi. Su ma Turawan aro suka yi, ba su san akuyar ba.

Ƙanwata ta riga ta rubuta "wasan juyayi" a kan takardarta, jam'i kuma "wasannin juyayi". Jiya ta sake kira tana tambayar sunan da za ta ba jarumin irin wannan wasan, tunda "jarumi" bai dace da mutumin da ya sha guba a kabarin matarsa alhali tana da rai ba. Na ce ta ba ni kwana biyu.