Maƙwabcina ya gayyace ni gidan abincin unguwa a Brussels, me zan ci wanda ba giya a ciki?

Ɗan_Fagge_BXL:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a Beljiyam ku taimaka min da shawara. Ina zaune a Schaerbeek, akwai wani dattijo da matarsa a saman benenmu, turawa ne 'yan asalin nan, mutanen kirki ne wlh, su suke karɓar min saƙo in ba na gida. To yanzu sun ce ranar Asabar sai mun je wani ɗan gidan abinci na bayan layinmu inda suka saba ci, irin mai tebur bakwai takwas ɗin nan da maigidan ya san kowa da sunansa. Na leƙa takardar abincin da suka manna a ƙofa, gsky jerin giya ya fi jerin abinci tsawo, kuma wani abokina ya ce min har a cikin miya suke zuba ta. Ni dai ba na sha, alade ma ba magana, amma ba na so in ba mutanen nan kunya in je in zauna ina ta tsinar ganye. Me ake ci a irin wurin nan? Kuma ya ake ƙin giyar ba tare da dattijon ya ji haushi ba, don na lura shi abin alfahari ne a wurinsa.

Alhaji_Heyvaert:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka bai yi ƙarya ba. Kofin da za a ajiye a gabanka ba shi ne matsala ba don wannan kana ganinsa da ido, tukunyar ce abin lura. Mu da muke harkar motoci a nan Heyvaert muna loda su Antwerp zuwa Kwatano dole muna cin abinci da mutanen nan, don haka mun san inda ramukan suke.

Na farko carbonnade flamande, 'yan Fulamanci, wato mutanen yankin Flanders, suna ce mata stoofvlees. Naman sa ne da albasa, baƙar miya mai kauri ƙamshinta kamar ya ja ka ta hanci, amma ruwan da ake dafa ta da shi giya ce zalla, ba wai 'yar cokali ɗaya ba, kwalba ake tuttulawa a sa burodi mai mustad a kai ta yi ta dahuwa awanni. Mai kawo abincin zai ce maka ai wuta ta ƙone giyar, kar ka biye masa, tana raguwa ne kawai ba ta tafiya duka. Zomo ma haka, in ka ga lapin à la gueuze ko à la kriek, waɗannan kalmomin na ƙarshe sunayen giya ne. Chicons au gratin kuwa za ka ga kamar ganye da cuku ne kawai, ashe an naɗe ganyen da yankan naman alade. Stoemp, dankalin da ake markaɗawa da karas ko kabeji, kusan kullum da tsiran alade ko kitsensa yake zuwa. Vol-au-vent kaza ce amma ƙananan dunƙulen naman da ke ciki sau da yawa an gauraya da alade. Filet américain ba haramun ba ne a kan kansa amma ɗanyen nama ne niƙaƙƙe, na san Bahaushe ba zai iya ba.

Abin da za ka nema shi ne kayan teku. Croquettes aux crevettes, wato ƙananan jatan landen tekun arewa a cikin kirim an soya, ka matse lemon tsami a kai, ba abin da ya kai shi a wurina. Sai waterzooi na kifi, romo ne fari na garin Ghent da kirim da kwanduwar ƙwai da kayan lambu, amma ka tambaya ko an sa farin wayin don wasu suna sawa. Sannan moules-frites, wato ƙananan halittun teku masu ɓawo da soyayyen dankali, wanda shi ne abincin ƙasar, ka ce nature kake so, albasa da seleri da man shanu kawai. Za a kawo maka baƙar tukunya guda wajen kilo ɗaya kai kaɗai, kar ka tsorata yawanci ɓawo ne.

Bitrus_J-Town:
Sannu Malam. Ni Kirista ne ɗan Jos, ina Leuven, kuma ina sha, to bari in ba ka labarin ɗaya ɓangaren don ka gane dalilin da ya sa babanku yake ji da abin. Ba tallata maka nake ba fa, kar ustazai su taso min.

A gida mutum zai ce a ba shi mai sanyi kawai, ko wacce. A nan in ka faɗi haka a gidan abincin unguwa kallon ka za a yi. Kowace giya da kofinta mai tambarinta, in kofin Orval ya ƙare wani maigidan gara ya ce ka jira a wanke da ya zuba maka a na Chimay. Akwai Kwak da kofinta ba ya iya tsayawa da kansa sai an rataye shi a wani katako. Tun 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya, kuma in dattijon ya fara wannan labarin ka gyara zama don zai kai ka kan Trappist, waɗanda ake yi a gidajen 'yan zuhudun Katolika, Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Da shida ne, Achel ta rasa tambarin a 2021 saboda ba sauran ɗan zuhudu da ke zaune a gidan. Ta Westvleteren galibi sai ka yi rajista a intanet ka je ƙofar gidan da kanka ka ɗauka, shi ya sa ake ta zuzuta ta, ni dai a bakina Rochefort 10 ba ta bar mata komai ba.

Kuma suna da ƙarfi. Jupiler da ake sha wajen kallon ƙwallo kashi 5.2 ce, amma Duvel 8.5, Westmalle Tripel 9.5, Rochefort 10 ɗin nan 11.3. Shi ya sa za ka ga tsoho ya riƙe kofi ɗaya kusan awa guda yana kurɓa yana cin cuku yana hira, ba irin jera kwalabe a kan tebur ba. Ni abin da ya fi min daɗi shi ne stoofvlees da soyayyen dankali da Westmalle Dubbel a gefe lokacin sanyi, ɗacin da ɗan zaƙin suna tafiya da naman yadda ba zan iya kwatanta maka ba. Gueuze kuma sai da na daɗe kafin bakina ya karɓe ta, tsami gare ta sosai, don ba a zuba mata yis, a buɗe ake barin ruwan ya kwana iskar kwarin kogin Senne ta yi aikinta sannan a ajiye a ganga shekara ɗaya zuwa uku a gauraya tsohuwa da sabuwa. Cantillon da ke Anderlecht tun 1900 suke wannan aikin.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne: kriek. Ja ce wur kamar zoɓo, da 'ya'yan ceri ake yi, wasu irin nata zaƙi kamar lemo, kuma turawa sun saba miƙa wa wanda ya ce ba ya son giya suna cewa ai wannan 'ya'yan itace ce. Giya ce cikakkiya. Haka bière de table, ƙarfinta kaɗan ne har da can ana ba yara a makaranta amma akwai barasa a ciki.

Abu_Sumayya:
Ɗan'uwa kowa yana ta maganar me za ka ci, ba wanda ya yi maganar zaman kansa. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ba fatawa nake ba ka ba, ka tambayi malamin masallacinku, amma ni da ni ne sai in ce wa dattijon ya zo gidana in dafa masa shinkafa da miya, ko mu je gidan abincin 'yan Maroko ko Turkawa tunda Schaerbeek cike take da su. Haƙƙin maƙwabtaka ya fita, kai ma hankalinka kwance.

Hajiya_Liège:
Malam Abu Sumayya ya faɗi tasa kuma gaskiya ce a duba, amma Ɗan Fagge in ka yanke za ka je, kar ka bari sai kun zauna. Ka gaya wa matar tun yau, ita za ta gaya wa mijin kuma ƙila ma ta buga wa maigidan waya. Mutanen nan ba su damu da wanda ba ya sha ba, su kansu duk watan Fabarairu suna da Tournée Minérale da mutane da yawa suke ajiye giya wata guda. Abin da ba sa so shi ne ka ce ba ka shan komai, to ka ce a ba ka Spa, wato ruwan kwalba, ko ruwan tuffa, dama a nan ba a ba da ruwan famfo kyauta kamar Faransa, saya ake.

Kar kuma ka yarda da duk abin da aka rubuta sans alcool, wato ba barasa, doka ta yarda ya kai kashi 0.5, sai wanda aka sa 0.0. Ni ko shi ba na taɓawa, warin kaɗai ya ishe ni.

Alhaji ya manta abu ɗaya, dankalin. Sau biyu ake soya shi kuma a gargajiyance da kitsen shanu, blanc de bœuf, shi ne sirrin daɗin. In kana cikin masu kiyaye yanka to ka tambaya ko man gyaɗa ko na sunfulawa suke amfani da shi, da yawa yanzu sun koma man. Don maganar yanka a ƙasar nan ta rikice tun 2019 da yankunan Flanders da Wallonie suka hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba, Brussels ce kaɗai majalisarta ta ƙi a 2022. In kuma wata rana ka zo Liège, boulets ɗinmu, dunƙulen naman da ake yabo, akwai alade a ciki, ka tsaya kan gaufre, wainar fulawa mai zaƙi.

Ɗan_Fagge_BXL:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan yi wa malaminmu magana bayan Juma'a, zan kuma sanar da matar. Amma Alhaji wannan moules ɗin ya halatta kuwa? Wani Bapakistane a wurin aikinmu ya ce su ba sa ci. Kuma wa zai biya, raba bil ake ko yaya?

Alhaji_Heyvaert:
Su Hanafawa ne, kifi kawai suke ci a kayan ruwa. Mu a Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne. Wanda ka ga bakinsa bai buɗe ba bayan dahuwa ka ajiye shi gefe, kuma ba a sa cokali, ɓawon na farko da ka cinye shi za ka riƙa tsinko sauran da shi. Bil kuwa tunda shi ya gayyace ka shi zai biya, kar ka tsaya jayayya irin tamu ta gida, sai dai ka ce kofi da kayan zaƙi naka ne. Kuɗin sabis yana cikin bil, in ka bar yuro biyu uku a kan tebur ya isa.