Ɗalibaina sun ce komai lafiya lau, alhali ba haka ba ne

Malamar jami'a, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. A wannan zangon karatu an ɗora mini jagorancin zaman ƙara wa juna sani na ɗalibai 16 masu difloma ta gaba da digiri, waɗanda aka tura horon sanin makamar aiki na mako 12 a ma'aikatu da makarantu da wasu ƙungiyoyi a cikin garin Kaduna. Tsarin shi ne mu haɗu kowace Asabar na awa biyu, kowa ya kawo abin da ya gani a wurin aikinsa, a tattauna. Zama biyu muka yi, kuma duka biyun ba mu kai minti 40 ba muka tashi, domin duk wanda na kira sai ya miƙe ya ce alhamdu lillahi aiki yana tafiya daidai, ogansa mutumin kirki ne, ya koma ya zauna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bayan zama na biyu wata ɗaliba ta biyo ni har bakin mota, ta sassauta murya ta ce tun da ta fara horon ba ta yi komai ba sai fotokwafi da kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, alhali ita ce ɗazu ta gaya wa aji cewa komai lafiya lau. Waɗanda suka taɓa gudanar da irin wannan zama, ta ina ake kama shi?

Tsohon malamin kwalejin ilimi, Malali:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin in ba ki shawara zan yi miki tambaya: ranar farko me kika gaya musu kina so su kawo? Idan cewa kika yi kowa ya ba da rahoto, to rahoto suka ba ki, kuma ba su yi laifi ba, domin a wurin ɗalibinmu rahoto abu ne da ake ba na gaba don ya ji daɗi ya ba da maki. Na shekara da shekaru ina bin ɗalibai masu gwajin koyarwa, daga makarantun Kawo har zuwa Rigachikun, kuma abin da na fahimta shi ne mutum uku ne a cikin wannan harka, kowa da abin da yake tsammani a ransa bai faɗa ba. Ɗalibi yana tsammanin za a koya masa aiki, wataƙila ma a riƙe shi bayan ya gama. Shugaban wurin aiki yana tsammanin an kawo masa ƙarin hannu kyauta. Malami kuma yana tsammanin za a dawo masa da tunani mai zurfi da zai auna. Muddin waɗannan ukun ba su fito fili ba, kowa zai riƙa jin an cuce shi.

Shawarata ita ce ki sadaukar da zama na gaba gaba ɗaya ga wannan magana. Ki raba musu takarda, kowa ya rubuta abu uku da yake so ya iya yi da hannunsa kafin mako na 12, da abu ɗaya da yake tsoro, ba tare da ya sa sunansa ba. Ki tattara, ki cakuɗa, ki ba kowa ta wani ya karanta. Ke ma ki rubuta naki tsammanin a allo ƙarara, har da yadda za ki raba maki, kuma ki faɗa musu da bakinki cewa wanda ya kawo matsala ba zai rasa maki ba saboda ya kawo ta.

Wannan giɓi ba sabo ba ne. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, a 1973 kuma ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai horo a wuraren aiki, saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama makaranta sun san littafi amma ba su san aiki ba. Daga can muka gaji logbuk, wato littafin rubuta aikin da ɗalibi ya yi a wurin horo, wanda ake cikewa kullum ana sa hannu duk mako. Ni kuwa na sha kama ɗalibi ya cike na wata uku a dare ɗaya, yana canza biro daga shuɗi zuwa baƙi don a ɗauka ranaku daban-daban ne. Saboda haka kada ki dogara da shi.

Mai harhaɗa magunguna, Barnawa:
Baba ya faɗi tushen maganar, ni zan ƙara da yadda za a tafiyar da awa biyun. Mu a fanninmu sai mutum ya yi shekara guda ta horo kafin ya tafi yi wa ƙasa hidima, kuma a tawa shekarar abin da ya fi amfanata shi ne wani zama da wata babbar ma'aikaciya take shirya mana. Ba a zagaya kowa da kowa. Mutum biyu kawai suke magana a rana, kowanne ya kawo lamari ɗaya tak da ya faru da shi wanda bai san yadda zai yi da shi ba. Zai yi bayani na minti biyar, a yi masa tambayoyin neman haske kaɗai, sannan ya ja kujerarsa baya ya yi shiru, sauran su tattauna lamarin kamar ba ya wurin. Sai a ƙarshe ya dawo ya faɗi abin da ya tsinta. Daga baya na gane cewa salon ya samo asali ne daga zaman da wani likita mai suna Michael Balint ya riƙa yi da likitoci a Landan a shekarun 1950. Amfanin jan kujerar shi ne mutum ba ya samun damar kare kansa, dole ya saurara, su kuma abokansa kunya ba ta hana su magana tunda ba idonsa suke kallo ba.

Sai dai Malama ki kafa sharaɗin sirri tun kafin a fara. Kada a kama sunan oga, ko majinyaci, ko ɗalibin makaranta, ko abokin ciniki, kuma kada kowa ya ɗauki hoton takardar ofis ya jefa a WhatsApp na aji da sunan misali. Ban da amana, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kuma Kaduna ƙaramin gari ne a wannan fuska: ogan da ake kuka da shi yana iya zama kawun wanda ke zaune a kujerar baya.

Injiniya, Kakuri:
Ku yi mini haƙuri in yi magana da bakin waɗanda ake kai wa ɗaliban, domin duk shekara ina karɓar su. Malama, takardar da makarantu suke aiko mana layi huɗu ce: ga wane, muna roƙon a karɓe shi na mako kaza, mun gode. Ba a faɗi abin da ya karanta ba, ba a faɗi abin da ake so ya koya ba, kuma sau da yawa har ya gama ba mu ga ƙeyar malaminsa ba. To mutumin da aiki ya sha masa kai, aka ajiye masa baƙo a ofis ba bayani, me zai ba shi in ba fotokwafi ba? Ban ce daidai ne ba, amma laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Takardar nan ta buri uku da Baba ya ambata, a yi mata kwafi mai suna, ɗalibi ya kai wa shugabansa su zauna minti goma su daidaita, su sa hannu su biyu. Da yawanmu za mu ji daɗin hakan.

Abu na biyu, kada ki raina kai fayil ɗin. Ki tambayi ɗalibar nan: fayil ɗin daga teburin wa yake tashi, hannu nawa yake bi, a ina yake kwana, wane ne idan ba ya nan komai ya tsaya? Idan ta iya zana wannan a allo, ta san ma'aikatar fiye da wasu da suka shekara biyar a ciki.

Inda nake da ja shi ne aikin rukuni, idan kina da niyyar ba su. Kada ki ba rukuni maki ɗaya. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Ringelmann, ya auna mutane suna jan igiya, ya wallafa a 1913 cewa yayin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum yake sawa raguwa yake yi. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan ba sai an auna masa ba, domin akwai mai noma, akwai kuma wanda fartanyarsa ba ta motsi sai an hango masu kawo fura.

Tsohuwar ɗalibar irin wannan kwas, Rigasa:
Ina gaida manya. Ni ban daɗe da tashi daga kujerar da waɗannan ɗalibai suke kai ba, kuma akwai abin da malamai ba sa gani daga gaban aji. A ajinmu akwai mataimakin darakta da ya kusa ritaya, akwai kuma mu da muka gama hidimar ƙasa jiya-jiya. Idan Alhaji ya yi magana ya ce a nasa ganin haka ne, wace ce ni da zan ɗaga hannu in ce ba haka na gani ba? Tarbiyyar gida ma ba za ta bar ni ba. Abin da ya warware mana shi ne malaminmu ya mayar da ƙa'ida cewa ƙanana ne suke fara magana, manya su rufe, kuma shugabancin zama yana zagayawa kamar kwasar adashi, kowa da makonsa. Ranar da ya zagayo kaina, ni na ce wa Alhaji lokacinsa ya cika, ya yi dariya ya ce ranki ya daɗe, ya zauna.

Sai maganar zirga-zirga. Wanda zai taso daga Rigasa ko Sabon Tasha ko Mando ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga horon ba alawus, idan ya zo aka tashi a minti 40 ba zai sake ɗaukar zaman da muhimmanci ba, musamman ranar Asabar da ɗaurin aure yake jiran kowa. Ina ba da shawarar a haɗa su uku-uku ko huɗu-huɗu bisa kusancin wurin aiki, kowa ya ziyarci wurin ɗan'uwansa sau ɗaya idan shugabannin sun yarda. Game da harshe kuma, a bar mutum ya ba da labarinsa da Hausa idan a nan bakinsa ya fi sakewa, amma a tuna cewa ajin Kaduna ba ya rasa wanda Hausarsa ta ciniki ce kawai, saboda haka wani ya taƙaita masa da Turanci kafin a ci gaba.

Tsohon malamin kwalejin ilimi, Malali:
Injiniya, na yarda da kai rabi. Idan aka ce kowa makinsa nasa ne shi kaɗai, to mai ƙoƙari zai ɓoye abin da ya sani, zaman ya koma gasa. A makarantun zaure da muka taso a ciki, bayan malam ya biya karatu ya shiga gida, ɗalibai ne suke zama su yi bita, wanda ya riga ya wuce babin ya jawo na baya, kuma ba a ɗauki wannan a matsayin asara ga mai jawowar ba, domin a nan nasa karatun yake zama. Ni da zan raba, kaso mafi girma zan ba rubutun mutum na kansa, shafi ɗaya duk mako kan abu ɗaya da ya faru da abin da zai canza, sannan in ware wani kaso ga irin taimakon da ya yi wa lamarin wani. Wannan na biyun malama ce za ta riƙa lura tana rubutawa, kada a ce ɗalibai su ba juna maki, domin kara za su yi wa juna kowa ya tashi da cikakke.

Malamar jami'a, Unguwar Rimi:
Allah ya saka da alheri, na kwashi abin da ya fi ƙarfin abin da na zo nema. Baba, amsar tambayarka ita ce rahoto na ce su kawo, da bakina, don haka na karɓi laifina. Asabar mai zuwa za mu yi takardar buri da tsoro, kuma zan gwada jan kujerar da Hajiya ta kwatanta. Abin da ya rage mini shi ne ɗalibar nan. A ɓoye ta gaya mini, kuma ina tsoron idan na je wurin aikinta shugabanta zai gane ƙararsa ta kai, ya rubuta mata mummunan rahoto a ƙarshe.

Injiniya, Kakuri:
Malama, kada ki fara da wurinta. Ki tsara ziyarar dukkan wuraren 16, ki aika wa kowane shugaba takarda iri ɗaya cewa makaranta ce ta wajabta, ki sa nata ya zama na huɗu ko na biyar. Idan kin shiga, ki fara da godiya, kada ki ambaci fotokwafi ko kaɗan, sai ki ce masa ana bukatar kowane ɗalibi ya gabatar wa aji aiki ɗaya da ya yi daga farko har ƙarshe, ki tambaye shi wane aiki yake ganin zai iya damƙa mata kafin mako na takwas. Ki je da safe kafin ƙarfe 10, kada ki je ranar Litinin ko Juma'a, kuma ki sanar da ita ranar da za ki zo don kada gabanta ya faɗi idan ta gan ki a bakin ƙofa.